Jan Kafet ɗin Ɗakin Innarki

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata Hauwa'u, wadda nake kira Uwata saboda sunan mahaifiyata da aka sa mata.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida mijinki Bashiru. Allah ya ƙara miki lafiya, ya sauke ki lafiya, ya kiyaye hanyar da za ku bi ranar Asabar daga Gummi zuwa Anka.

Za ki yi mamakin ganin takarda daga gare ni alhali gari ɗaya muke. Abin da ke ciki ba zan iya faɗa miki ina kallon idonki ba. Ranar Laraba kin same ni a zaure, kin durƙusa da tsohon cikinki kin ce, "Baba, Bashiru ya gama ginin Anka, ya ce in zaɓi kafet ɗin da za a malala mini a ɗaki bango zuwa bango, da soson da za a sa ƙarƙashi. Ka raka ni shago mana, kai ka san abu mai kyau." Na daka miki tsawa, na tashi na fita. Innarki ta ce kin tafi kina kuka. Ba ki yi laifin komai ba. Ni ne mai laifi, kuma laifin ya daɗe.

Kina da shekara shida lokacin da zinari ya bayyana a dajin bayan ƙauyenmu na can tsakanin Anka da Bukkuyum. Ni manomin gero ne da dawa, kamar ubana. Amma da na ga abokaina suna sayen babur cikin wata guda, sai na ajiye fartanya na shiga rami. Allah ya buɗa mini. Abin da ya fara zuwa mini a rai ba rufin kwano ba ne, ba kuma shanu ba. Kafet ne. Na taɓa shiga falon wani attajiri a Gusau na kai masa saƙo, na tuɓe takalmi, ƙafata ta nutse cikin wani abu mai laushi, na ji kunyar fasona. Tun ranar na sa a raina sai Innarki ta taka irinsa a ɗakinta.

Na tafi Gusau ni kaɗai, ban yi shawara da ita ba. Mai shagon ya baje mini kala-kala. Akwai wani mai gajeren gashi, ruwan ƙasa, ya ce shi ya fi sauƙin shara. Ko kallonsa ban yi ba. Na nuna wani ja mai duhu, kalar zoɓo, gashinsa dogo, yatsa na ɓacewa a ciki. Mai shagon ya ce, "Alhaji, ka iya zaɓe. Wanga shi manya ke sawa, kuma ba ya nuna datti." Ban taɓa zuwa Makka ba, amma wannan Alhajin da ya kira ni ya gama da ni. Ya ɗauko soson ƙarƙashi mai kaurin yatsa uku, lallausa kamar katifa, na ce a haɗa. Ya turo mini mai shimfiɗa har ƙauye, ya shafe daɓen ɗakin da gam, ya manna soso, ya manna kafet a kai, ya datse gefe da wuƙa. Matan ƙauye suka yini suna zuwa kallo. Ni kuwa ina zaune ƙofar gida ina amsa barka.

Uwata, in kin shiga shago, kada ki bari a zaɓa miki abu da daɗin baki. Kuma duk kafet ɗin da aka yaba miki da cewa ba ya nuna datti, ki bar shi. Dattin yana nan, idonki ne kawai ba ya ganinsa. Ki ɗauki kalar da za ta tona miki asirin ƙura tun tana kaɗan. Ki ɗauki mai gajeren gashi, saƙarsa a matse. Ki lanƙwasa gefensa da hannu: in kin hango ƙasan saƙar tsakanin gashin, ba shi da kirki, kuma nan ne komai zai riƙa shigewa. Ki goga tafin hannunki a kai da ƙarfi, in gashi ya biyo hannun, ki ajiye.

A wancan lokaci ba ma barin duwatsun zinari a bakin rami, don ana sata. Gida muke kawo su. Innarki da sauran mata suna dakawa a turmi, ko a kai injin niƙa a dawo da gari, a shanya a tsakar gida. In hadari ya taso, ni da kaina nake kinkimar buhunan in shigar da su ɗaki in jingine a kan kafet. Ina dawowa daga rami fari fat, in shiga da kayan jikina in kishingiɗa, don bayana na jin daɗin laushin. Innarki takan yi shara safe da yamma. Wata rana ta tsaya da tsintsiya a hannu ta ce, "Malam, wanga abu ba ya sharuwa. Ina shara ƙura na tashi, in na juya ta koma ta kwanta." Na yi dariya na ce ƙauyanci ne, ba ta saba da kayan birni ba.

Ke kina yini gidan kakarki, daga can ki wuce makarantar allo, sai barci ke kawo ki gida. Wannan ne ya cece ki. Ƙanenki Lawali kuwa yana da shekara ɗaya da rabi, kuma babu inda yake so kamar kan kafet ɗin nan. A kai ya koyi rarrafe, a kai ya koyi tsayuwa. Yakan kifa ciki ya cusa yatsu cikin gashin, ya fitar ya sa a baki. In ƙuli-ƙuli ya faɗi masa, ya tono ya ci. Ni ina kallo ina murna, ina cewa ɗana ba zai tashi a kan ƙasa kamar ni ba.

Agwagin ƙauye ne suka fara mutuwa, muka ce annobar tsuntsaye ce. Sai yara suka biyo. Lawali ya daina cin abinci, ya riƙa amai, ya riƙa wani irin kuka mai tsini wanda ban taɓa ji ba. Na karɓo rubutu, na kai shi kemis aka yi masa allurar zazzaɓi. Ranar wata Talata bayan azahar ya sanƙare a kan kafet ɗin, idonsa ya juye, jikinsa na jijjiga. Na tada babur, Innarki ta rungume shi a baya, muka kama hanyar Anka. Ba mu yi rabin hanya ba ta taɓa kafaɗata ta ce, "Malam, juya." Ban tambaye ta komai ba. Na juya.

An ce miki zazzaɓi ne ya kashe shi. Ba zazzaɓi ba ne. Bayan yara sun yi ta mutuwa a ƙauyukan yankin, ma'aikatan lafiya suka zo suka ɗibi jinin yara, suka ce gubar dalma ce. Tana cikin dutsen da muke dakawa, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano. Babba yana iya ɗaukarta ya yi ta yawo, amma ƙaramin yaro mai sa hannu a baki tana cinye masa ƙwaƙwalwa.

Kin san aikin mijinki. Gyaran injinan niƙa yake yi a wuraren masu haƙa, kuma ƙurar da ke cikin injinan nan ita ce wadda na riƙa kawowa gida. Bashiru yaron kirki ne, amma ni ma ba mugu ba ne a lokacin. Ki roƙe shi, in ya ƙi ki kafe: kayan aikinsa da takalminsa su tsaya a waje, ya yi wanka ya sauya tufa kafin ya shiga ɗaki, kafin ya ɗauki abin da za ki haifa. Kada ki haɗa wankin kayan aikinsa da na jariri. Kada buhu ko ƙarfen inji ya kwana a ɗakinki ko da ruwan sama zai lalata shi. In ya ce abin ya yi yawa, ki ba shi takardar nan ya karanta. Na yafe kunyata.

Kuskurena na biyu ya fi na farko muni, don na farko ban sani ba.

Ma'aikatan suka ce za a kankare ƙasar kowane gida a zuba sabuwa, kuma duk shimfiɗar da ta sha ƙura a miƙa ta a kai wani rami bayan gari a binne. Suna da wata na'ura da suke ɗorawa a kan abu ta faɗi yawan gubar da ke ciki. Kafin su iso layinmu na shiga ɗaki na kama kafet ina ɓamɓara. Gam ya riƙe shi gam-gam. Soson ya riƙa yagewa, rabi ya biyo kafet, rabi ya maƙale a daɓe, sai da na sa fartanya. Abin da na gani a ƙarƙashi ya isa ya tsayar da mai hankali: soson nan ya sha gari har ya yi nauyi, in na matsa sai ƙura ta fito kamar an busa toka. Duk sharar da Innarki ta yi wata da watanni, saman kawai take taɓawa. Na gani da idona. Duk da haka na naɗe shi da guntayen soson, na cusa a tsohon rumbun da babu hatsi, na rufe. Da suka zo na ce tabarma kawai muke da ita.

Na daɗe ina tambayar kaina dalili. Ba tsadarsa ba ce kawai. In na miƙa shi aka ɗora na'ura a gaban mutane, to ya tabbata ni na tafi Gusau da ƙafata na sayo abin da ɗana ya mutu a kansa. Na gwammace in ce ma'aikatan sun cika zuzuta abu.

Innarki tana da cikin ƙanwarki Dije lokacin da Lawali ya rasu. Bayan an gyara gida, hankali ya kwanta, an haifi Dije ta fara zama, sai na fito da kafet. Na rataya shi a katanga na yi ta dukansa da sanda, na bar shi kwana uku a rana, na ce ya tsarkaka. Innarki ta tsaya a ƙofar ɗaki da Dije a goye ta ce, "Don girman Allah, Malam, kada ka mayar da wanga abu." Na ce gidana ne. Na ce mata ajali ne ya ɗauki Lawali, ko tana jayayya da ƙaddara? Da wannan maganar na rufe mata baki, kuma na san abin da nake yi lokacin da na faɗe ta. Ta yi ta shimfiɗa zane a kai kafin ta ajiye yarinyar, amma mai rarrafe ba ta tsayawa kan zane.

Da aka dawo ɗibar jini zagaye na gaba, na yawancin yaran ƙauye ya sauka, na Dije ya hau. Wata ma'aikaciyar lafiya, mace mai kamar shekarun Innarki, ta biyo mu gida ta ce sai ta ga inda yarinyar ke wasa. Ta ɗaga labule, ta tsaya. Ta ɗora na'urar a kan kafet, ta duba. Sannan ta juyo ta ce, "Malam, ba kai ne ka binne ɗa bara ba?" Na ce ni ne. Ta ce, "To wannan kuma wa kake haƙa wa?" Innarki ta zauna a ƙasa ta rufe fuska.

An kwantar da Dije an ba ta magani, ta rayu. Sauran kin fi kowa sani, don ke kika yi mata wanka da kitso har kika yi aure. Ta zama budurwa, amma har yau ba ta iya haɗa Fatiha, kuma in aka aike ta maƙwabta sai an bi ta. Mutane suna cewa haka Allah ya halicce ta. Da lafiyarta aka haife ta, Uwata. Tana wata bakwai tana kiran "Baba" tana tafa hannu.

Saboda haka ki saurare ni a kan soso, don shi ne ba a gani. Mai kauri mai laushi daɗin ƙafa ne kawai, ciki kuwa rumbu ne na ƙura da fitsarin yaro da ruwan da ya zube. Ki nemi siriri mai tauri, wanda bai kai kaurin ɗan yatsanki ba. Ki danna shi da babban yatsa, in ya dawo nan take, to. In ramin ya zauna, ki bar shi. Ki shinshina. Akwai wanda ake haɗawa da guntayen tsofaffin katifu, warinsa kaɗai zai gaya miki. Kuma ginin Bashiru sabo ne, siminti yana daɗewa yana fitar da danshi. Ki shimfiɗa leda a daɓen ki danne gefenta, ki bar ta kwana biyu. In kin ɗaga kin ga gumi a ƙasanta, kada a shimfiɗa komai tukuna. Kin ga yadda ɗakunan maƙwabtanmu na nan Gummi suka yi wari shekarar da ruwa ya shigo gari, kafet ya bushe a sama, soso na ruɓewa a ƙasa, yara na tari.

Kada ki yarda a sa gam, ko mai shimfiɗa ya ce aikin ba zai yi kyau ba. A yanka miki shi gida biyu, yadda ke da wata mace za ku iya naɗewa ku fitar a wanke da ruwa da sabulu, a goge daɓen da jiƙaƙƙen tsumma. Abin da ba za ki iya ɗagawa ki ga ƙarƙashinsa ba, kada ya zauna a ɗakin da yaro ke rarrafe. In kuwa son raina za ki bi, ki sa leda mai kauri a ɗakin kwana har yaron ya yi wayon daina sa hannu a baki, kafet ya tsaya a falo. Matan unguwa za su ce ɗakin bai yi kyau ba. Su faɗa.

Saura kuskure na uku. Wannan ko Innarki ba ta sani ba, kuma ina roƙonki ki bar ni in gaya mata da bakina.

Ma'aikaciyar ta ce in kai kafet ɗin ramin bayan gari a ranar. Na ɗaure shi a bayan babur, Innarki na kallo na fita. Da na kai mararraba, hanyar ramin tana hagu, ta Anka tana dama, kuma ranar kasuwa ce. Na tsaya, injin babur na aiki. Na ce a raina, ai gidan da ba a daka dutse ba abin da zai yi musu. Na san ƙarya ce. Na bi dama.

Wani dattijo manomi daga wajen Zugu, Malam Isah, ya tsaya yana shafa gashin kafet ɗin. Ya ce ɗiyarsa zai aurar, yana son ya fitar da ita kunya, amma sabo ya fi ƙarfinsa. Ya dube ni ya ce, "Lafiya dai kake sayarwa?" Na ce, "Lafiya lau, ɗakin ne ya yi masa kaɗan." Ya yi ta sa mini albarka. Ni na taya shi ɗaurawa a babur. Na dawo gida na ce wa Innarki an binne.

Shekaru suka wuce. 'Yan bindiga suka tashe mu daga ƙauye, muka dawo Gummi, na koma noman shinkafa a fadamar mutane. Na ɗauka maganar ta mutu. Damanar bara ina fitowa daga masallacin Juma'a sai wani tsoho mai sayar da rake ya riƙe mini hannu yana dariya. Ya ce, "Ba kai ne mai jan kafet ba? Kasuwar Anka!" Malam Isah ne. Su ma an tashe su. Ya ce kafet ɗin ya yi albarka, ɗiyarsa ta yi shekaru tana amfani da shi, sai da maharan suka sa wa gidan wuta ya ƙone tare da komai.

Na ce, "Ta samu haihuwa?"

Ya ce, "Huɗu. Biyu na nan. Biyun farko sun koma tun suna rarrafe, ciwon shiɗewa. Allah ya karɓi abinsa."

Ya zaɓi rake mai kyau ya kankare ya miƙo mini, ya ce kyauta ce, don ni mutumin kirki ne.

Ban sani ba ko kafet ɗin ne. Yara suna mutuwa da abubuwa da yawa a ƙauyukanmu. Na yi ta gaya wa kaina haka shekara guda, kuma bai taɓa sa na ji sauƙi ba.

Don haka kada ki sayi kafet na hannu, kome kyansa, kome arharsa, ko wa ke sayarwa. Ba ki san ɗakin da ya fito ba, kuma mai sayarwa zai dube ki cikin ido ya ce lafiya lau. Ki sa a yanko miki daga sabon naɗi a gabanki. Ranar da naki ya tsufa kuma, in kina da ko ɗigon shakka a kansa, kada ki sayar, kada ki bayar sadaka, kada ki jefar a juji inda wata za ta tsinta. Ki sa a haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya.

Malam Isah yana nan kowace Juma'a a gindin darbejiyar ƙofar masallaci. Shekara guda ke nan ina fita ta ɗaya ƙofar. Gobe Juma'a. Na yi niyyar in zauna kusa da shi in gaya masa abin da na sayar masa, in kuma roƙe shi a kai jikokin nan biyu da suka rage a duba jininsu. Ban san abin da zai ce ba, kuma duk abin da ya ce yana da gaskiya. Ki yi mini addu'a ƙafata ta kai ni.

Ku fita ranar Asabar bayan rana ta ɗaga, ku bi ayarin motoci, kada la'asar ta same ku a hanya. Kuna isa ki kira Innarki, ba za ta ci abinci ba sai ta ji muryarki.

Allah ya tsare gabanku da bayanku. Allah ya kare ku daga mugun ji da mugun gani, da sharrin da ke daji da wanda ke shigowa gida a jikin tufa. Allah ya raba ki da cikin nan lafiya, ya raya abin da za ki haifa da cikakken hankalinsa. Allah ya jiƙan Lawali da 'ya'yan mutane. In kin iya, ki yafe mini.

Wassalam.

Mahaifinki,
Muhammadu